Tauren Da Baba Idi Bai Yanka Ba

Na yi laifi, kuma ba kuskure ba ne, ido biyu na yi shi. Na fara da wannan ne don kada ku karanta rabin takardar nan kuna cewa Baba Ishaya mutumin kirki ne, ku zo ƙarshe ku ce na yaudare ku.

Ku samarin majami'armu ku kuka sa ni wannan rubutu. Ran Lahadi bayan an tashi sujada na ji ku a gindin itacen bedi na ƙofar majami'a kuna shawarar ku haɗa kai ku buɗe wurin gashi a tashar Gazawa. Wani cikinku ya ce, "Me ke cikin balangu? Wuta ce da gishiri." Na ce to wa zai riƙa yi muku yanka? Mai gilashin nan ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Haba Baba, a zamanin nan wa ke tambayar wanda ya yanka?" Kuka yi dariya, ni ma na taya ku, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar gindin bedi. Ga ta nan na rubuta. A aji huɗu na bar lakol, wato makarantar boko, ku yi haƙuri da hannuna.

Gidanmu gidan pawa ne tun kakanni. Ubana Barmo daga wajen Tibiri ya zo Gazawa da wuƙaƙensa. Wata shekara ya yi doguwar jinya a wani asibitin mishan, ya dawo da lafiya, ya kuma dawo Kirista. Sarkin Pawa na lokacin bai kore shi ba. Ya ce masa, "Barmo, fiɗa taka ce, gashi naka ne, sayarwa taka ce. Wuyan dabba kuwa ba naka ba ne daga yau, don masu cin naman nan musulmi ne." Ƙanen ubana, Idi, shi ne malamin da ke yanka a mayanka. Ya ce shi ya ɗauki wannan. Kullum in ya fito masallaci da asuba sai ya biyo ta gidanmu, ya yanka abin da ubana ya ɗaure, ya wanke wuƙarsa, ya wuce. Da ubana ya rasu bai fasa ba, ya ci gaba da biyowa saboda ni. Haka na tashi, mahauci ɗan mahauci, an ba ni mota an riƙe makulli.

Aikin farko da ubana ya ba ni wankin hanji ne, shekara biyu cur. In na kawo masa sai ya ɗaga ya shinshina, in hancinsa ya motsa in koma rijiya. Daga nan aka sa ni fiɗa. Za ka tsaga fatar ƙafar baya kaɗan, ka sa baki ka hura har dabbar ta kumbura kamar salka, sannan ka raba fata da nama da dunƙulen hannu, wuƙa sai inda ya zama dole. Duk hudar da na yi wa fata, ubana yakan zura yatsa ciki ya leƙo ni ta ramin ya ce, "Ishaya, ina ganinka." Majema ba sa son fata mai taga.

Wuta kuma ba wutar da kuka sani ba ce. Harshen wuta abokin gabar nama ne, garwashi ake so, na ƙirya in an samu, don ba ya saurin zama toka. Bayan hannu ake sawa a auna zafi. Haƙarƙari gefe yake so, cinya tsakiya, hanta kuwa in ka juya ka amsa sallama ta zama takalmi. Takardar siminti da ake naɗe nama, ta tsakiya ake cirewa, ba ta ciki mai ƙura ba, ba ta waje da kowa ya taka ba. Ga masu saye kowa da halinsa. Direban takisin Maraɗi yana so ka yanka, ka barbaɗa yaji, ka naɗe kafin ya gama zagin yaron motarsa. Bafulatani in ya tauna sau biyu zai gaya maka shekarun akuyar da irin ciyawar da ta ci. Akwai masu ɗanɗano, waɗanda ke zagaya mahauta shida suna cewa "bari in ji gishirin" har su ƙoshi su tafi gida.

Duk waɗannan, in baƙi ne, da sun ji an kira ni Ishaya sai hannu ya tsaya a iska. "Wa ya yanka?" In ce, "Malam Idi." Shi ke nan, hannu ya sauka kan nama. Ina da barho, ina da wuƙar fiɗa, ina da gatari da dutsen washi, amma babu kayan aikin da ya kai waɗannan kalmomi biyu ci da ni.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta ɗauke da wuri, ciyawa ba ta yi ba, dabbobi suka koma cin leda a juji. In ka fiɗe akuya sai ka rasa abin da za ka ɗora a wuta, ƙashi ne da fata. Na yi sa'a na samo wani jan taure a ƙauye wajen Agye, mai ɗan kitse, na ɗaure shi a bayan gida don ranar kasuwa. Ba ni da wani bayansa, rumbunmu kuma ya kusa nuna ƙasa.

Da gari ya waye ranar kasuwar, na tarar da taure kwance, ciki ya kumbura, ido ya juye. Na tsaya ƙofar gida ina duban hanyar masallaci. Babu Baba Idi. Ashe an yi rasuwa a wani ƙauye, daga masallaci aka ɗauke shi a moto. Kun san in dabba ta mutu ba yanka ta zama mushe, sai dai a ja ta a kai wa angulaye. Matata Rahila ta dubi taure, ta dube ni, ta ce, "Maigida, numfashinsa bai fi goma ba." Na ɗauko barho.

Na yi shekara da shekaru ina kallon yadda ake yi, don haka hannu bai ba ni wahala ba. Na juya shi gabas yadda Baba Idi ke yi, Rahila ta riƙe ƙafafu. Baki ne ya ba ni wahala. Me Kirista ke cewa a kan wuyan akuya? Ba wanda ya taɓa koya mini, don ba a taɓa tsammanin zan buƙata ba. Na fara addu'ar da muke yi tare a majami'a, Rahila ta ce, "Kafin ka kai amin ya riga ka isa can!" Sai kawai na ce, "Da sunan Allah," na ja wuƙa. Ledar da na ciro daga tumbinsa ta isa a rufe rumfa.

Na saɓa naman na kai mayanka don a buga hatimi. Likitan dabbobi na lokacin, Likita Laminu, ya tsaga hanta, ya duba huhu, ya buga shuɗin hatiminsa a cinya. Bai tambayi komai ba, shi ba ruwansa da wuya. Na hura wuta. Mutum na farko da ya zo wani tsoho ne mai carbi, daga Gidan Sori ya ce yake. Ya ce, "Wa ya yanka?" Na ce, "Malam Idi." Kalmar ta fita sumul kamar kullum, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Da yamma Baba Idi ya dawo yana ba ni haƙurin rashin zuwansa, na ce ai ba komai, sayen nama na yi wurin abokan aiki. Ƙarya biyu ke nan kafin rana ta faɗi.

To ga abin da ya rikita ni. Tun kafin azahar naman ya ƙare. Tsohon mai carbi ya dawo ya ƙara, ya ce bai taɓa cin balangu mai albarka irin wannan ba. Na koma gida ina jiran hukunci. Na jira ciwon ciki ya kama garin, shiru. Ran Lahadi na zauna ina jiran Pasto ya nuna ni da yatsa, sai ya yi wa'azi a kan masu zuwa sujada a makare. Da damina ta kewayo, duk sanda aka yi tsawa sai in matsa nesa da Rahila don kada a haɗa da ita. Aradu ta faɗi a kan wata kuka da ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Likita Laminu yakan zauna a bencina duk ranar kasuwa ya ci hanta, yana cewa duba ta yake ƙarawa. Ya yi karatu mai zurfi a Yamai, bakinsa kuma ba linzami. Yakan ce, "Ishaya, na leƙa cikin dabbobin da ba su ƙirguwa. Na ga tsutsa, na ga ƙusa, na ga leda. Ban taɓa ganin inda albarka ke zama ba. Kai da malaminka da pastonka, duk wannan hatimin ne ke tsaron cikinku." In na ce to me ya sa yake azumi, sai ya ce, "Uwata tana da rai, kuma tana da sanda." Da ina yi masa dariya. Bayan tauren nan sai na fara saurarensa da kunne biyu.

Yankan farko tilas ce ta sa ni. Na biyu ba wata tilas. Baba Idi ya yi zazzaɓi, akuyar lafiyarta lau, da na jira kwana ɗaya ba abin da zai same ta. Na yanka ne don in gwada ko akwai mai kallo. Rahila ma tana rijiya, ba ta sani ba. Na sayar, na ce Malam Idi, na saurara. Shiru. Na uku kuwa ko gwaji ba ne, ƙyuya ce ta hana ni aika a kira shi. Daga nan na daina, ba don tsoro ba, don abin ya daina ba ni sha'awa.

Ban bar zuwa majami'a ba, kada ku ce. Benci kawai na riƙa canjawa. Da a layin gaba nake, kusa da masu ganga. Na koma tsakiya, na koma baya, har na kai bakin ƙofa inda iska ke shigowa. In ana waƙa ina motsa baki. In an ce a rufe ido a yi addu'a, ni lokacin nake tunanin inda zan samo gawayi. Rahila ta ce, "Saura taki ɗaya ka zama Kiristan gindin bedi." Na ce zafi ne ke damuna. Shekara bakwai ina jin zafin nan, har da lokacin sanyi.

A shekara ta bakwai wani saurayin mahauci mai suna Hamza ya zo daga tsallaken iyaka ya kafa wurin gashinsa daura da nawa. Yaro ne mai tsabta, ya iya wuta. Ya fara ce wa mutane shi fa bai natsu da naman da ke kwana a gidan Kirista ba, wa ya san abin da ake yi a bayan danga? Na yi fushi ƙwarai, irin fushin da mutum ke yi in an zarge shi da abin da ya aikata. Magana ta kai ga Sarkin Pawa, ya tara mu a mayanka da hantsi.

Ban ma buɗe baki ba Baba Idi ya miƙe. Lokacin ya tsufa, da sanda yake tafiya. Ya ce, "Sarki, wannan ɗan wana ne. Addininmu ba ɗaya ba, na yi kuka a kan haka tun ubansa na da rai, na gaji na bari. Amma na rantse da Allahn da raina ke hannunsa, ɗan Barmo bai taɓa ɗora wuƙa a wuyan dabba ba." Hamza ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na janye. A gafarce ni." Har ya zo ya ba ni hannu.

Ni da na gama yanke wa kaina cewa sama ba kowa sai gajimare, sai na ji bakina yana cewa a hankali, "Ya Ubangiji, kada ka kama tsohon nan, bai sani ba. Ni ne." Sai da na faɗa sau uku na gane addu'a nake yi. Shekara bakwai ban ji tsoron Allah a kan kaina ba, rana ɗaya na ji tsoronsa a kan wani. Ku da kuka yi lakol mai yawa ku bayyana mini wannan, ni dai ban iya ba.

Likita Laminu na fara gaya wa, don na san zai ba ni amsar da nake so. Ya kuwa ba ni. Ya ce, "Wa ya mutu? Wa ya yi zawo? Rufe bakinka ka juya hantar nan." Amma ya ajiye tsinken da ke hannunsa, ya ce, "Sai dai tsohon bai kamata ya rantse ba. Ni kaina da ya ɗaga hannu sai da tsigar jikina ta tashi." Na ce, "Likita, tsigar me, tunda ba kowa?" Ya ce, "Kai dai ba ni yaji."

Na je wurin Pasto ina fatan ya ɗora mini hannu a ka mu rufe maganar a ɗakinsa. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "A wurinmu naman ba shi da laifi, ka sani. Allah kuma yana gafartawa, wannan ma ka sani. Amma ni ba sunana ka ɗauka ba. Ka san gidan mai sunan." Na ce, "Pasto, kasuwata za ta mutu." Ya ce, "Mai yiwuwa ne." Na tsaya ina jiran ya ƙara wani abu mai sanyi, sai ya tambaye ni ko ina son ya raka ni. Rahila ma na ce ta zo mu je tare, tunda da ita aka yi na farko. Ta ce, "Ni ƙafa na riƙe. Wuƙa da baki naka ne."

Na sami Baba Idi bayan la'asar a zaurensa yana wasa wuƙa. Na ajiye masa hanta mai zafi a takarda. Ya shinshina ya ce, "Hanta ba ranar kasuwa ba? Ɗan Barmo, me ka yi?" Na yi zancen zafi, na yi zancen tsadar gawayi, ya bar ni har zancen ya ƙare mini. Sannan na faɗa masa duka.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tauren farko, ina ka juya shi?" Na ce gabas. "Wuƙar da kaifi?" Na ce ta aske gashin hannu. "Ka ɗaga ta kafin ka gama?" Na ce a'a, ja ɗaya. "Me ka ce?" Na gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yanka ya yi. A karatun da na yi, yankan irinku ba mushe ba ne. Mutane ne ba su natsu da shi ba, kuma suna da iko da cikinsu. Da ka zo ka gaya mini ran nan, da ni zan fara ci a gaban kowa." Kun ji fa. Likita ya wanke naman, Pasto ya wanke shi, Malam ma ya wanke shi. Taure ya ci jarrabawa, ni na faɗi.

Ya ce, "Na biyun fa, me ya kai ka?" Na ce, "Baba, so na yi in ga ko Allah na kallo." Ya ce, "To me ka gani?" Na ce bai ce komai ba. Ya ce, "Kai tsammani kake jandarma ne, ya busa maka usur a kan hanya?" Har na fara murmushi, sai na ga shi ba wasa yake ba. Ya turo mini takardar hantar da bayan wuƙa. Ya ce, "Ɗauki abinka. Ba a zaure na rantse ba, a gaban mutane na rantse. Kuma akwai yaron da ya ba ka haƙuri alhali shi ke da gaskiya."

Abin da ya biyo baya iyayenku sun sani. Sarkin Pawa ya hana ni hura wuta wata huɗu, na yi ta dakon fatu ina kai wa majema. Wasu masu sayena ba su dawo ba har yau, ban kuma ga laifinsu ba. Likita ya koma cin hantar Hamza, ya ce ta fi tawa laushi. Baba Idi bai yi mini magana ba duk tsawon watannin nan, sai wata safiya na ji sanda tana bugun ƙyaure, ko sallama bai gama ba ya ce, "Ina akuyar?" In kun buɗe wurin gashinku, ku nemi mai yanka tun kafin ku nemi gawayi, kuma ranar da bai zo ba ku ma ku huta.

Amma bari in koma baya: bayan na baro zauren Baba Idi, ranar kasuwa ce na je mayanka, da hantsi, lokacin da kowa ke nan. Na cire hula, na cire takalmi, na durƙusa a kan simintin da ba a gama wankewa ba. Na shirya magana mai tsawo a hanya, da na ga fuskokinsu ta gudu. Ga abin da ya rage, shi na faɗa:

"Sarki, jama'a, ni Ishaya ɗan Barmo na yanka dabba sau uku da hannuna, na sayar muku na ce Malam Idi ne. Na farko tana mutuwa ne, sauran biyun ba ni da hujja. Duk wanda ya ci, bai ci da saninsa ba, alhakin yana wuyana. Hamza, kai ke da gaskiya, hannun da ka ba ni ran nan ban cancance shi ba, ka yafe mini. Baba, ka yi wa ubana yanka, ka yi mini, ba ka taɓa karɓar ko ƙafar akuya ba. Na ɗauki sunanka na yi ciniki da shi, na tsaya ina kallo ka rantse a kaina ban buɗe baki ba. Rantsuwar nan ba taka ba ce, tawa ce, na gaya wa Allah haka, yanzu ina gaya wa mutane. Ban ce ka dawo ƙofar gidana ba. Ka yafe mini kawai, Baba, in ka iya."